Kuɗin Binciken Ciwon Ƙoda: Labarin Tsibiran Tiwi

A hutun da ya wuce, da na isa gida, na iske kawuna, ƙanen mahaifiyata, a kwance. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, fuskarsa ta yi suntum, abinci kuwa ko ya ci ba ya zama. An riga an kai shi babban asibiti, likita ya ce ƙodarsa duka biyu sun gaza, ba sauran dabara sai wanki da na'ura sau uku kowane mako. Dangi suka taru, aka sayar da shanu biyu, aka jinginar da gonar fadama. Kuɗin bai kai wata uku ba. Aka koma wanki sau ɗaya a mako, daga nan kuma sai ran da aka samu. Mun dawo makaranta da kwana goma sha ɗaya aka aiko mini ya rasu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da likitan ya yi wa mahaifiyata. Ya ce ciwon nan ya daɗe yana cin kawu a ɓoye, da an auna jininsa da fitsarinsa tun da wuri, da 'yan ƙwayoyin magani masu araha sun ja masa kwana. Na kai maganar wurin malaminmu na Kiwon Lafiya, na ce, "Malam, in abin yana da sauƙi haka, me ya hana a yi?" Ya ce, "Zauna tukuna. Akwai inda aka yi, aka ga amfaninsa, aka kuma bari ya lalace." Sa'an nan ya ba ni waɗansu takardu na likitoci a kan wata 'yar al'umma da ban taɓa jin sunanta ba. Abin da na karanta ciki shi na ke so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina a wannan fili.

Ku buɗe taswira ku nemi Ostareliya, ku sa yatsa a kan birnin Darwin can arewa. Kamar mil 50 daga nan, cikin teku, akwai manyan tsibirai biyu, Bathurst da Melville, wani ɗan siririn ruwa ne ya raba su. Mutanen da ke zaune ciki a ke kira Tiwi. Baƙaƙe ne, 'yan asalin ƙasar, suna nan shekaru dubbai kafin Turawa su zo. Yawansu duka wajen 2,500 ne, watau bai kai jama'ar da ke cin wata kasuwar ƙauye a nan ba. Suna da harshensu dabam, wanda maƙwabtansu na babban tudu ba su ji. 'Yan mishan na Katolika sun kafa tasha a Bathurst cikin shekarar 1911, a wurin da a da a ke kira Nguiu, yanzu kuwa Wurrumiyanga, nan ne babban garinsu. Wajen shekarar 1990 sai aka gane cewa ba inda ƙoda ke gazawa cikin Ostareliya duka, a iyakar sanin likitoci, kamar wurin waɗannan 'yan tsirarun mutane.

Kafin in shiga zancen kuɗi, bari in tuna mana aikin ƙoda, gama in ba a san shi ba ba za a ga inda wuyar ta ke ba. Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, kowace kamar dunƙulen hannunsa. Cikin kowace akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin matatai, wajen miliyan ɗaya, ko da ya ke wani yana da fiye da haka nesa, wani kuwa ko rabi bai kai ba. Su ke tace jini dare da rana. Ruwan da ke bi ta cikinsu a yini ɗaya ya kai lita 180, kamar garwa goma ke nan, amma kusan duka su kan mayar wa jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. To, ga wani abu da ya kamata kowane malami ya riƙe: waɗannan matatai tun cikin ciki a ke gama ƙera su, wajen mako na 36. Bayan haihuwa ba a ƙara ko ɗaya. Wanda aka haifa da kaɗan, da kaɗan zai yi zaman duniya, wadda ta mutu kuma ba ta da magaji. Sauran su kan ɗauki nauyin waɗanda suka mutu, su yi ta aiki fiye da ƙarfinsu har su ma su gaji. Mutum kuwa ba ya jin kome. Ya kan rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana noma yana cin kasuwa. Amma fitsari ya kan tona asiri tun da wuri, domin matatar da ta huje ta kan bar wani abu mai kama da farin ƙwai ya zurare, sunansa albumin, ana kuwa iya auna shi da sauƙi.

Likitar da sunanta ya fi fitowa cikin labarin nan ita ce Wendy Hoy. 'Yar Ostareliya ce, ta yi aiki a Amurka cikin 'yan asalin can masu fama da irin wannan ciwo, sa'an nan ta komo wajen 1990 ta shiga makarantar binciken lafiya ta Menzies, wadda aka buɗe a Darwin a 1985. Daga 1992 ita da ma'aikatanta, da 'yan Tiwi masu aikin asibiti, suka bi mutanen tsibirin, manya da yara, suna auna nauyi da hawan jini da sukari da fitsari.

Ba su iske dalili ɗaya ba, tarin dalilai suka iske, wani bisa wani. Na fari, ƙanƙantar jarirai. A nan wani abu ya taimake su wanda ya burge ni ƙwarai. Tun 1956 matan da ke aikin jinya a asibitin mishan suka fara rubuta nauyin jarirai cikin littafi. Ba su san wa zai karanta ba. Bayan shekara talatin da wani abu sai ga masu bincike sun buɗe littattafan, suka gwada nauyin mutum ran haihuwarsa da fitsarinsa yau, suka ga waɗanda aka haifa ba su kai kilo 2.5 ba sun fi zubar da albumin. Daga baya aka ƙidaya matatai cikin ƙodar waɗansu 'yan asali na wannan yanki da suka rasu, aka iske sun gaza na Turawa da wajen kashi 30 cikin 100. Abin tausayi kuma, yawan ciwon ya biyo bayan wani alheri ne. A da irin waɗannan ƙananan jarirai mutuwa su ke yi. Da asibiti ya kyautatu suka rayu, suka girma da ƙodar da ba ta cika ba.

Na biyu, ƙazwa. I, ƙazwar nan da mu ke rainawa. Yaro ya yi ta susa har fata ta fashe, waɗansu ƙwayoyin cuta su shiga gyambon, bayan 'yan makonni ƙoda ta kumbura, fuska ta tashi, fitsari ya koma kalar shayi. Galibi yaron ya kan warke, a manta. Wannan ciwo ya yi annoba a tsibiran a 1980 da 1987. Da aka bi sawun yaran bayan sun girma, sai aka ga waɗanda ya taɓa kamawa sun fi sauran zubar da albumin mai yawa wajen ninki shida. Na uku kuma, sauyin abinci. Mutanen da kakanninsu ke cin kifi da kaguwa da doyar daji suka koma ga fulawa da sukari da abincin gwangwani na kanti, ga taba. Ƙiba ta zo, ciwon sukari da hawan jini suka biyo ta.

To, duk wannan aune-aune wa ya biya? Nan ne maganar ta ke.

A Ostareliya akwai wata majalisa ta gwamnatin tarayya mai raba kuɗin binciken lafiya. Masana su kan rubuto abin da su ke so su yi, a gwada takardunsu, waɗanda suka ci a ba su kuɗi na shekara uku, in ya yi yawa biyar. Cikin irin wannan gasa mai aikin tsibiri da ɗingishi ya ke farawa. Wanda ke bincike a babban birni yana iya cewa aikinsa zai shafi mutum miliyan, shi kuwa dubu biyu da 'yan kai gare shi. Wancan zai aika jini ɗakin gwaji a mota, shi kuwa sai ya sa shi cikin ƙanƙara ya jira jirgin sama, ko jirgin ruwa mai yin wajen awa biyu da rabi, in damina ta kankama kuma hanyoyin cikin tsibiri su yanke. Ma'aikaciyar jinya da za a kawo sai an nema mata ɗaki, gidaje kuwa ba su ishi masu garin ba.

Ga kuma abin da takardar neman kuɗi ba ta cika barin masa wuri ba, watau al'ada. A Tiwi in mutum ya mutu a kan daina faɗin sunansa har wani lokaci, mai suna irin nasa ma sai a kira shi da wani. Ku duba wahalar mai riƙe da littafin marasa lafiya! Akwai kuma kunya mai tsanani tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji, har ba su zama su yi hira. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da mu ka san matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, da surukin da ba a cin abinci gabansa. Amma ma'anarsa ga mai bincike ita ce lalle ya ɗauki ma'aikata maza da mata, daga dangi dabam dabam, masu jin harshen, domin ba kowa zai miƙa wa kowa kwalbar fitsarinsa ba. In an yi rasuwa aiki ya tsaya har a gama makoki. Kafin a taɓa kowa kuma sai an zauna da dattawan da ke da ƙasa, a yi bayani, a koma, a sake dawowa. Duk wannan albashi ne da kuɗin jirgi. In kuwa aka haye zuwa wani tsibiri, wani harshe ne da waɗansu al'adu, sai a faro daga fari.

Saboda haka kuɗin aikin Tiwi tsince-tsince aka yi. Majalisar nan ta gwamnati ta ba da nata, ƙungiyar masu taimakon ciwon ƙoda ta ƙasar ta ba da, wani kamfanin haƙar ma'adinai ya sa hannu, kamfanin da ke yin maganin ma haka. Amma akwai wani asusu cikinsu da ya fi kama mini hankali. Stanley Tipiloura ɗan Tiwi ne, an zaɓe shi wakili a majalisar dokoki ta Yankin Arewa a 1987. Ciwon ƙoda ya kashe shi a 1992, yana da shekara 35. Aka kafa asusu da sunansa domin binciken ciwon da ya ɗauke shi, shugabannin Tiwi kuwa suka tsaya bayan aikin. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Mutanen da suka ce da bakinsu a zo a bincika, suka kuma sa abin hannunsu, ba a shigo musu gari kamar an zo kallon dabbobi. Kafin shekarar 2000 har yarjejeniya suka rubuta da makarantar Menzies a kan yadda za a riƙa yin bincike a ƙasarsu, da abin da ya ke hakkinsu ciki.

A ƙarshen 1995 aka tashi daga aunawa aka shiga magani. Duk wanda aka iske da hawan jini, ko albumin mai yawa, ko ciwon sukari tare da alamar albumin, aka ce ya zo. Babban maganin wata ƙwaya ce mai suna perindopril, ta kan sauko da hawan jini ta kuma rage matsin da ke kan matatai, ana sha sau ɗaya a yini. Wanda ita kaɗai ba ta ishe shi ba a ƙara masa wata. Mutum 267 suka shiga, kusan sulusin manyan tsibirin. Sauran aikin kuwa naci ne kurum. 'Yan ma'aikata kaɗan suna riƙe da sunan kowa, suna tuna masa ranar awo, in bai zo ba a bi shi gida, in jininsa bai sauka ba a gyara masa magani.

Cikin shekara uku da rabi hawan jinin mutanen ya sauka sosai, ƙodar da dama ta tsaya inda ta ke. Masu binciken suka lissafta cewa mutuwa ta ciwo ta ragu da wajen rabi, gazawar ƙoda kuma da kashi 57 cikin 100. Ku kuma dubi kuɗin. A shekarun nan wankin ƙodar mutum ɗaya a Yankin Arewa ya wuce dalar Ostareliya 70,000 a shekara. Wannan shiri kuwa, da magani da albashi da kome, wajen dala 1,200 ne a kan kowane mutum. Abin da za a kashe wa mutum ɗaya a kan na'ura ya isa a tsare fiye da mutum 50. Da na zo nan cikin karatu sai na ajiye takardar na fita waje, domin shanun kawu na tuna.

Da labarin a nan ya ƙare, da ban dame ku da shi ba.

Kuɗin bincike yana da wa'adi. An ba da shi domin a gane ko abu yana aiki, an kuwa gane. Tsakanin 1999 da 2000 aka miƙa shirin ga hukumar lafiya ta mutanen tsibirin, abin da kowa zai ce daidai ne, gama masu gari su ya kamata su riƙe lafiyar garinsu. Amma an miƙa musu kaya ba a miƙa musu jakin ɗauka ba. Hukumar tana da asibitoci da za ta gudanar, ga masu rauni da masu haihuwa da yara masu zazzaɓi kullum a bakin ƙofa, kuɗin da a ke ba ta bai isa ba, tsarin ajiye sunayen marasa lafiya kuma bai zauna ba. Mai hawan jini ba ya kuka, ba ya zubar da jini, don haka shi a ke fara mantawa. Bin mutane gida ya ragu, shan magani ya ragu, jini ya koma hawa. Daga 2002 zuwa tsakiyar 2003, cikin mutanen nan dai da aka yi wa magani, haɗarin gazawar ƙoda ya ninka sau uku bisa na watanni 18 na farkon maganinsu, na mutuwa da sauran cututtuka kuwa ya wuce ninki tara. A 2003 hukumar kanta ta durƙushe don rashin kuɗi, gwamnatin yankin ta karɓi asibitocin.

Lalle mai hankali zai ce a yi hattara da waɗannan lissafai, gama cikin jama'a kaɗan mutuwar mutum biyar ta kan juya alƙalami, mutanen kuma sun ƙara shekaru. Gaskiya ne. Amma hawan jini ba ya ƙarya. An auna shi yana sauka sa'ad da a ke bin mutane, an auna shi yana hawa sa'ad da aka daina.

Na yi ta tunani a kan yadda ƙasa mai arziki kamar Ostareliya za ta yi irin wannan asara, sai na ga jakunkunan kuɗin ne ba su ga juna. Jakar bincike tana biyan neman sani, ran da aka sani ta ɗaure bakinta. Jakar asibitoci, wadda galibi ke hannun gwamnatin yanki, ita ke ɗaukar wanki, ba ta kuwa iya ƙin biya, domin mutum yana gabanta zai mutu cikin 'yan makonni. Magunguna da ƙananan asibitoci kuma yawancin kuɗinsu daga gwamnatin tarayya ya ke fitowa. Wanda zai kashe dala 1,200 yau dabam, wanda zai huta da biyan 70,000 bayan shekara goma dabam. Mutumin da aka tsare bai shiga wanki ba kuma, ba wanda ke ganinsa, ba a buɗe shi da biki kamar sabon gini. Abin da ya ƙara ba ni mamaki, ƙwayar maganin ba ita ta yi wuya ba, gama tun 1999 gwamnatin tarayya ta fara ba asibitocin ƙauyukan 'yan asali magunguna kyauta. Albashin mai riƙe littafi da mai zuwa ƙofar gida shi aka rasa. A ganina, duk wanda zai ba da kuɗin irin wannan bincike ya kamata tun ran farko ya tambaya, in abin ya yi kyau wa zai ɗauka, da wane kuɗi? In ba amsa, to, an shirya nuna wa mutane ruwa ne a hana su sha.

Akwai wani gwaji a waɗansu tsibirai da ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Tsakanin kan Ostareliya na arewa maso gabas da ƙasar Papuwa Niugini akwai tsibiran mashigin Torres, sun fi 270, amma waɗanda a ke zaune ciki ba su kai 20 ba. Mutanensu dabam ne da Tiwi, suna da harsuna biyu na gado da wani Turancin kasuwa nasu, ciwon sukari kuwa, wanda shi ne babbar ƙofar ciwon ƙoda, ya yi musu katutu. A 1999 zuwa 2000 wata likita, Robyn McDermott, ta gwada wata dabara a asibitoci 8 cikin 21 na wannan yanki. Dabarar kati ce kawai cikin akwati, kowane mai ciwo da nasa, da ranar da za a kira shi a duba jininsa da fitsarinsa da idonsa da ƙafarsa. Tun farko ma'aikatan lafiya 'yan garin su ke riƙe da akwatin. Kwanciya asibiti saboda ciwon sukari ta ragu da kusan sulusi, da aka komo dubawa bayan gwajin ya ƙare kuma aka iske galibin amfanin yana nan. Shirin da aka gina a hannun waɗanda za su zauna, da abin da su ke iya ɗauka, bai bi masu bincike ya shiga jirgi ba.

Kada in bar ku da zaton Tiwi ba su sami kome ba. A 1999 aka buɗe ɗakin wankin ƙoda a Nguiu. Kafin nan duk wanda ƙodarsa ta gaza sai ya ƙaura Darwin, ya bar 'ya'ya da ƙasa da bukukuwan kakanninsa, ya zauna baƙo cikin masu wani harshe, har waɗansu su kan zaɓi komawa gida su mutu. Wannan baƙin ciki ya sa waɗansu 'yan asali na cikin hamada, can tsakiyar ƙasar, suka zana manyan zane-zane aka yi gwanjonsu a birnin Sidni a shekarar 2000, suka tara fiye da dala miliyan ɗaya, suka kai na'ura garinsu. Sai a ƙarshen 2018 gwamnatin tarayya ta sa wankin ƙoda na wurare masu nisa cikin abubuwan da asusun lafiya na ƙasa ke biya. Dabarar auna albumin da ba da irin wannan ƙwaya da wuri kuma ta shiga littattafan da ma'aikatan asibitocin ƙauye ke bi. An sake auna mutanen Tiwi daga 2004 zuwa 2006.

Sauran abu ɗaya, shi ne gado. Dattawan Tiwi da kansu suka nemi a duba ko akwai wani abu cikin jininsu da ke sa ciwon ya fi kama su. Wannan irin bincike yana da tsada, yana kuma bukatar amana fiye da kowane, gama jinin mutum ba abin wasa ba ne a wurinsu. A wani tsibiri na yankin, a garin Galiwin'ku, an ɗebi jinin mutane a 1968 da 1969 bayan annobar zazzaɓin taifot, aka ajiye shi a wata jami'a a Kambera shekara 50. Sai a 2019 aka mayar da na waɗanda suka rasu, fiye da mutum 200, danginsu suka yi masa jana'iza irin tasu. Zuwan da aka yi ta yi gida gida ana neman izini, shi ma kuɗi ne. Da aka karanta ƙwayoyin gadon mutum 159 na al'ummu huɗu, har da Tiwi da Galiwin'ku, aka buga sakamakon a 2023, sai aka iske wajen rubu'in bambance-bambancen da ke jikinsu babu su cikin manyan kundayen da likitocin duniya ke dubawa. Watau gwajin da aka gina a kan jinin Turawa yana iya duban ɗan Tiwi bai ga abin da ke damunsa ba.

A nan ne labarin ya taɓo mu. A 2010 masana suka gano wani gado mai suna APOL1, wanda waɗansu irinsa ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci amma su raunana ƙoda, ba kuwa inda ya fi yawa kamar Afirka ta Yamma. An bincika shi cikin mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Gana, aka buga a 2024, aka iske kusan kashi 30 cikin 100 nasu sun gaje shi ta wajen uwa da uba duka. Kuɗin wannan aiki daga wani shiri ya fito wanda Amurka da wata gidauniya ta Ingila suka ɗauki nauyinsa, mai wa'adin shekara goma, ya kuwa cika a 2022. Mutanen Gashuwa da na Haɗeja ma sun daɗe suna kukan yawan ciwon ƙoda a garuruwansu. Duk wanda ya je aunawa a can, tambayar da ta sami Tiwi tana jiransa ran da kuɗinsa ya ƙare.

A makon jiya, wurin gwajin koyarwa, an ba ni aji uku. Bayan darasin lissafi na ce kowa ya miƙo hannuwansa, na bi layi ina duba tsakanin yatsu. Cikin yara 46 na sami 9 da ƙazwa, biyu har ta zama gyambo. Na rubuta sunayensu a bayan littafin kiran suna, na kai wa hedimasta, na roƙe shi ya aika wa iyayensu su kai su asibiti. Ya karɓa, ya ce zai aika. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, gwajinka saura mako uku. In ka tafi, wa zai riƙa duba hannuwan?"